Gwaggona da Fakon Anza

Ranar sadakar ukun gwaggona, yayar mahaifina, na zauna bakin ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, kunnena na cika da ƙarya. Mata na shigowa, su tuɓe takalma, su durƙusa, su ce, "Ina haƙuri? Allah shi jiƙanta." Wannan babu laifi. Sai sun gyara zama a kan tabarma ne yabo ke tashi. Wannan ta ce baiwar Allah ce mai sanyin hali. Waccan ta ce ba ta da abokin faɗa. Har aka samu wadda ta rantse ba ta taɓa jin marigayiya ta ɗaga murya ba. Na ɗago kai na dube ta. Ita ce fa gwaggo ta taɓa kora da igiyar guga tun daga bakin rijiya har zauren mijinta, gari duka na kallo.

Gwaggona ba ta da sanyin hali. Ta yi faɗa da mai gari, ta yi da liman, ta yi da ƙannenta maza biyu, ta yi da ni. Abin da ya kamata a faɗa a kanta daban ne, kuma duk mai furfura a zaman nan ta san shi. Shekarar da ta rasu ma shekarar yunwa ce, rumbuna sun ƙare tun kafin a yi shuka. Na san rabin matan da ke kan tabarmar nan sun baro dilo, wato ƙwayar anza, jiƙe a tukunya bayan ɗaki, an kife faifai a kai don kada baƙo ya gani. Amma ko ɗaya ba ta bari sunan anza ya fito daga bakinta ba.

Da rana ta take sai ga wata tsohuwar Bafillata ta shigo tana dogara sanda. Daga rugarsu ta taso, can wajen Cadakori, da ƙafa. Ba ta durƙusa ba, gwiwa ba ta bari. Ta tsaya tsakar gida ta dubi ɗakin gwaggo, ta yi addu'a da harshensu, sannan ta juyo gare mu da Hausarta.

"Wagga mata ita ta ba mu gigile, anza taku. Nagge duka sun mutu, mu ba mu mutu ba. Ku ma kun ci. Ni na gani da idona."

Matar baffana, ƙanin mahaifina, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Wata ta yi maza ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Aka kawo ruwa, aka koma zancen sanyin hali.

Shi ya sa na ce bari in faɗa, tun ban bi ta ba.

Gwaggo ta dawo gidanmu ne bayan babban fari na farko, wanda ya share dabbobi ina yarinya. Aure ya kai ta arewa, wani ƙauye da ban taɓa gani ba. Can ta zauna da miji, ta haihu, ta yaye, ta sake haihuwa. Ta dawo ita kaɗai da tabarma da ƙwarya. Idan aka tambaye ta labarin mutanenta sai ta tsartar da yawun taba ta ce, "Suna inda kowa za shi." Sau ɗaya ta ɗan buɗe mini, ranar da na yi ƙyuyar cin tuwo. Ta ce a wancan garin anza na nan birjik, amma shekarun ƙoshi sun daɗe har mata sun manta yadda ake gyara ta, sai wata tsohuwa guda da ta sani. Kafin gwaggo ta koya a wurinta, an riga an binne na binnewa.

Da kakanmu ya rasu aka raba gonaki. Mahaifina ya ɗauki jigawar gabas. Baffa ya ɗauki ta gefen gulbi mai danshi. Ita kuwa aka nuna mata fakon bayan gari, ƙasa mai tauri kamar dutse, wadda ruwa ke sauka ya gudu, fartanya ta buga ta dawo. Babu kome a kai sai suri nan da can, da anza.

Baffa ya ce, "Yaya, ke da ba ki da bakunan ciyarwa, wagga ta ishe ki."

Ta ce, "Na amsa, Auta. Amma kowa shi riƙe abin da ya faɗa yau."

Wanda bai san anza ba zai wuce ta bai duba ba. Ba itaciya ba ce ta shan inuwa. Da wuya ta wuce tsayin mutum da hannunsa a ɗage, kuma ba gindi guda take yi ba, rassa ne ke tasowa daga ƙasa a dunƙule. Ganyenta kauri gare shi da tauri, kamar fatar da ba a gama jima ba, ko akuya ba ta kula shi sai ta rasa kome. Abin da ya raba ta da sauran itatuwan daji shi ne ba ta tuɓe ganye. Da bazara, kalgo ya zube, sabara ta yi toka-toka, ciyawa ta zama tarihi, anza na nan kore shar. Ta fi son inda wasu suka ƙi: fako, gindin tsohon suri, gefen tudu mai tsakuwa. Gwaggo ta ce saiwarta ta fi igiyar rijiya tsawo. Ban auna ba, amma na ga ƙarti sun yi gumi a kanta daga baya.

Da sanyi ya shigo take fure, ƙanana masu ruwan fari da kore, da wani wari mai nauyi da ke tara ƙuda da zuma. Gwaggo kan zaga fakon a lokacin, hannu a baya, tana duba furen kamar mai duba amarya. Daga nan ƴaƴa su fito gungu-gungu, kore, girman magarya, su yi ta zama har tsakiyar zafi, lokacin da rumbu ke ƙarar wofi, sannan su fara rawaya. Cikin ɓawon akwai ɗan ruwa mai danƙo da zaƙi, wanda yara ke tsotsa. Ƙwayar ciki kuwa ɗaci ne da ba shi da ɗan'uwa, kuma guba ce ga wanda ya yi gaggawa.

Babu abin da take zubarwa na anza. Ganyen take shimfiɗawa cikin rumbun wake don ƙwari. Idan an ɗebo ruwan tabki ja wur, sai ta ɗan daddaka reshe ta jefa a randa, laka ta kwanta. Jakin maƙwabta ya yi gyambo a baya, ta kirɓa ganye ta manna masa, tana zagin mai jakin tun daga kakansa. Wanda kuwa ta kama da gatari a fakon nan, ya shiga uku. Liman ya taɓa aika a saro masa sanda, ta ƙwace gatarin, ta kai masa har ƙofar masallaci ta ce, "Malam, a wane littafi kac ci karo da halaccin kayan gwauruwa?" Bai sake ba.

Mu kuwa dariya muke mata. Ana noma, ana ci, ana ƙoshi. Tsohuwa na gadin ɗaci.

Fari na biyu ya same ni da aure a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, da ɗana na fari a goye. Ruwa ya sauka, aka shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Ba mu yanke ko dami guda ba. Muka ci abin da ya saura na bara, muka sayar da awaki a wulaƙance a kasuwar Gidan Rumji, muka koma dusa, muka koma tonon gidan tururuwa don hatsin da suka tara. Maigidana ya ce zai tsallaka kudu, wajen dangin kakanninmu a ƙasar Katsina, ya nemo abinci. Ya mai da ni gidan mahaifina ya tafi. Mahaifina da baffa ma suka bi bayansa. Garinmu ya zama na mata da tsofaffi da yara masu manyan ciki da siraran ƙafa. An yi ta cewa taimako na tafe. Abin da ya iso hannunmu, ƴar jar dawa ce da ba ta cika ƙwarya ba.

Nonona ya ƙafe. Ɗana ya daina kuka, wanda ya fi kukan ban tsoro. Gwaggo ta shigo ɗaki ta ɗaga shi ta duba idonsa, ta dube ni.

"Tashi, ɗiyata. Ɗauko ƙwarya. Zama ba shi kawo nono."

Muka fita fako. Anza ta yi ƴaƴa a shekarar kamar an roƙe ta, ita da ba ta ga ruwan kirki ba. Kafin rana ta yi zafi, mata sun gan mu, sun biyo mu da kwanduna, waɗanda suka yi dariya da waɗanda aka kora da igiya. Gwaggo ta tsaya kan wani suri ta kafa doka.

"Fako nawa ne, kun sani. Kowa ta tsinka, amma da hannu, ba a karya reshe. Kuma ba a kai gida. Gidana za a tara, ni ka gyarawa. Wadda ba ta iya jira ba, ta koma ta ci haƙurinta."

Aikin dilo aiki ne na kashe jiki. A shanya ƴaƴan su bushe. A zuba a turmi a surfa a hankali, ɓawo ya fita, a bakace. A tafasa ƙwayar a zubar da ruwan. Sannan a jiƙa a randa, ana sauya ruwa safe da yamma, kwana da kwanaki, har ɗacin ya bar ta. Kuma ga muguntar abin: a shekarar da ruwa ya fi kome tsada, anza ruwa take sha kamar raƙumi. Rijiyar garinmu ta yi ƙasa, guga na dawowa rabi laka. Muka raba kanmu, wasu na ja, wasu na tonon rairayin gulbi suna kwalfar abin da ya tsattsafo. Tafin hannuwanmu suka tsage. Mace da yunwa a cikinta ta ja ruwa da jinin hannunta, ta kawo, ta ga an zuba a randa an kwarar da shi ƙasa da yamma. Akwai waɗanda suka yi kuka a kan ruwan nan.

Gwaggo ta jera randuna a tsakar gida, ta san wadda aka fara jiƙawa da wadda ke bi mata. Kowace safiya sai ta wanke baki, ta ajiye tabarta, ta ɗauki ƙwaya guda daga randar da ake jira, ta tauna. Mata na tsaye kewaye da ita da yara a hannu, ido duka a bakinta. Idan ta tofar ta ce, "Saura," sai ka ji wani nishi ya tashi. Wata ta taɓa cewa, "Haba Gwaggo, ɗan ɗacin nan ai ba shi kisa." Ta ce, "Ke kinka binne ko ni?" Ba a sake gardama ba.

Ranar da ta tauna ta haɗiye, aka dafa dilo kamar wake, da gishiri kawai. Ba daɗi gare shi ba, kada kowa ya yi muku ƙarya. Ko an gyara shi iyakar gyara, akwai wani ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro. Amma yana riƙe ciki. Wani muka shanya muka niƙa, aka yi tuwo, aka dama kunu. Ta zaunar da ni ta tsare ni da ido sai da na shanye ƙwarya. Ba a daɗe ba nono ya dawo. Ɗan nan yana raye, shi ke tuƙa moto, wato babur, yau tsakanin Gidan Rumji da ƙauyuka, kuma idan aka ambaci anza sai ya yatsine fuska.

A tsakiyar wannan hali ne wasu Fulani suka sauka gefen fakon. Daga arewa suka gangaro da garke, suka iso da saniya guda, ita ma ta kwanta ba ta tashi ba. Mata ne da yara da wani tsoho makaho. Matar da ke jagorarsu ta zo ƙofar gidanmu ta tsaya, ba ta roƙa ba, ta dai tsaya tana kallon randuna. Matan garinmu suka taso. Suka ce ruwanmu, guminmu, ƴaƴanmu ma ba su ƙoshi ba. Suka ce shanun waɗannan ne ke cinye mana wake kowace kaka. Har matar mai gari ta zo da kanta ta ce a sallame su.

Gwaggo ta ce, "Da anka ba ni fakon nan, wa ya ce mini ga rabon Bahaushe ga na Bafillace? Kun ce ba shi da amfani, na amsa. Yau ni ad da iko." Ta juya wajen Bafillatar. "Kina iya jan guga?"

Ta ce tana iyawa.

"To ɗauki igiya. Nan ba a ci a zaune."

Matar nan ce ta zo ta'aziyya da sanda.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa ake sunkuyar da kai. Matar baffa na da yara ƙanana, autansu bai daɗe da yaye ba, kuma ya fi kowa ramewa. Wata safiya gwaggo ta tofar ta ce saura, rabon jiya kuwa ya ƙare. Da muka tafi rijiya, matar baffa ta ɗebi ƙwaya daga randar da aka jiƙa jiya-jiya, ta tafasa sau ɗaya, ta dama wa yaron. Ba mugunta ba ce. Kukansa ne ya fi ƙarfinta. Kafin la'asar ya fara amai da zawo, cikinsa na murɗawa. Jikin da babu kome a ciki, me zai riƙe? Gwaggo ta gwada duk abin da ta sani. Washegari da hantsi tsofaffi suka ɗauke shi a ƴar tabarma.

Ba asiri ba ne. Mata sun ga randar ta ragu, sun ga tukunyar a murhun matar baffa, ita kanta ta faɗa tana birgima a ƙasa. Amma da ruwa ya sauka maza suka dawo, labarin ya sauya riga. Baffa ya tsaya tsakar gida yana nuna gwaggo da yatsa.

"Gubarki ta kashe mini ɗa! Kin rasa naki, kin zo ki ƙarasa na mutane!"

Na ce, "Baffa, ba haka aka yi ba, kowa ya san—"

Mahaifina ya daka mini tsawa, ya ce ba a sa baki a maganar manya. Na dubi matan da suka ci daga randunan nan, sun cika gidan, kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Na dubi gwaggo, ina jira ta tashi da bala'in da na san ta da shi. Matar da ba ta barin ko ta kwana a kan reshe guda. Ta zauna shiru tana murza taba a tafin hannu. Da aka watse na bi ta ɗaki, na ce don me.

Ta ce, "In na buɗe baki, sakinta za shi yi, da sauran ƴaƴan. Uwar da ta binne ɗa, kayanta sun ishe ta. Na san nauyinsu. Ni mi za su ɗauke mini?"

Ta yi kuskure. Akwai abin da za su ɗauke.

Shekarun ruwa suka dawo, kunya ta biyo su. Cin anza ya zama abin gori. Idan mata biyu suka yi faɗa a rijiya, sai ɗaya ta ce, "Mu dai gidanmu ba mu ci anza ba," alhali tare muka ja guga. Idan ana neman aure, a ɓoye zancen kamar kuturta. Yaran da dilo ya raya suka taso suna bin gwaggo da waƙar tsokana, suna kiranta mai ɗaci, iyayensu na ji suna murmushi. Biki ya zo, a hana ta taɓa tukunya, wai hannunta. Ba wanda ya ce mayya a fili. Ba sai an faɗa ba.

Sannan ƙasa ta yi kaɗan. Ƴaƴan baffa suka girma, ya sayi shanun huɗa da garma, ya ce yanzu fako ma noma shi ake. Ya kai magana gaban mai gari, ya ce fakon aro aka ba yayarsa, ba gado ba. Dattawan da suka shaida rabon, wasu sun mutu, wasu sun ce sun manta. Aka tambayi mahaifina, ya ce shi dai yana son zaman lafiya tsakanin ƴan'uwa. Wannan karon gwaggo ba ta yi shiru ba. Ta zage su ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunan kowane da na ƴaƴansa da suka sha kunun dilo, ta ce da mai gari rawaninsa ya fi kansa nauyi. Aka ce kun gani, tsufa ya taɓa ta. Aka ba baffa fako.

Da rani suka shiga da gatura. Ta ɗauki kujerarta ta tsugunne ta kafa a bakin fakon, ta zauna tun safe. Suna sara tana kallo. Suka tono saiwa har suka gaji, suka tara itace a kan kututture suka cinna wuta. Sai ga babban ɗan baffa ya zo wucewa da gatari a kafaɗa. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Waccan ta gefen suri, ita kac ci kana ɗan yaro." Ya wuce kamar bai ji ba.

Gero bai taɓa yin kirki a fakon ba. Kara sirara, zangarniya kamar yatsa. Anza kuwa takan tofo daga saiwar da ta tsira, kowace shekara su sare ta wajen sharar gona, tun ba ta isa fure ba.

Daga nan gwaggo ta rage fita. Ta koma saƙar faifai, tana faɗa da kaji. Idan na zo ganinta na kawo mata taba da kanwa, sai ta ce na yi ƙiba, ta ce mijina rago ne, ta ce ɗana ba shi da gaisuwa. Sannan in na tashi tafiya ta cusa mini ƙullin ganyen anza a zane, wanda ta roƙi masu itace su tsinko mata daga nesa, ta ce in sa a wake.

Da yunwar bana ta kama, tana kwance, ƙafafu sun kumbura. Mata suka fara tafiyar yini guda neman anza, wasu suna sayen dilo a kasuwar Cadakori, wanda ake kawowa daga arewa a amalanke. Ƴan mata ba su iya gyara shi ba. Sai ga su suna leƙowa ɗakinta ɗaya-ɗaya, da ƴar ƙwaya a ƙulle a bakin gyale, a ce an zo duba jiki. Ba ta kori kowa ba. Ba haƙora, sai ta murƙushe ƙwayar da dasashi, ta ce a ƙara kwana, ko ta ce a dafa. Matar baffa ma ta zo, ta tsufa ita ma, jikoki sun cika mata gida. Ta durƙusa bakin ƙofa ta kasa shiga. Gwaggo ta miƙa hannu ta ce, "Kawo. Tsayuwa ba ta fid da ɗaci."

Da jiki ya yi tsanani aka kira dangi. Mahaifina ya riga ta tafiya da daɗewa, saura baffa. Ya shigo da carbinsa, ya zauna gefen tabarma, mu muna tsaye a bango. Ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da aka saba faɗa.

"Yaya, zaman duniya sai da saɓani. In na yi miki wani abu, ki yafe mini."

Ta buɗe ido.

"In ka yi mini? Kana shakka, Auta?"

Ya ja carbinsa. Ta ci gaba.

"Abin da kac ce mini tsakar gida, na yafe. Ka sha nonon da na sha. Amma fako, ba ni ka saran ma ba. Ni na ci nawa, na ƙare. Jikokinka na nan waje, uwayensu na sayen abin da kat tone da hannunka. Tahi ka roƙe su."

Baffa ya tashi ya fita. A zaure ya gaya wa maza cewa alhamdu lillahi, yayarsa ta yafe masa duniya da lahira. Muna ciki muna jin ana ce masa madalla.

Ta cika da hantsi, kwana kaɗan bayan haka, kanta a cinyata. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ɗakin nata ma an riga an ce babban ɗan baffa zai sa buhunan taki a ciki bayan arba'in.

Ya Allah, Kai ne ba Ka mantuwa kuma ba a sauya Maka labari. Ka jiƙan gwaggona, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da ƴaƴan da ta baro arewa. Ka shayar da ita ruwan da ba sai ta ja ba. Mu kuma da muka rage, Ka yi mana hisabi da sauƙi, don in da adalci tsantsa za a bi, garinmu ba shi da amsa.